Ciyawa, jan ƙasa da siminti: kafin a ce wane ya fi wane a tanis, a fara tambayar inda aka buga

A majalisarmu ta bakin titin Zoo Road, in an gaji da musun Madrid da Barcelona, akwai mu biyu zuwa uku da muke ɗauko zancen tanis, kuma kullum waje ɗaya ake komawa: Djokovic na da manyan kofuna 24, Nadal 22, Federer 20, wai shikenan an rufe magana. Ranar nan wani ƙaninmu da bai daɗe da fara bin wasan ba ya ce min, "Yaya, ai lissafi ba ya ƙarya, mai 24 ya fi mai 11, me za a tsaya ana kawo mana wani Borg da ko a talabijin ba mu gan shi ba?" Na ce masa lissafinka daidai ne, amma ka ƙirga kofunan ba ka duba ƙasan da aka taka aka ci su ba, kuma a tanis ƙasan nan ita ce rabin labarin.

Duk wanda ya taɓa buga bal a filin makarantar firamare mai yashi, ya zo ya taka ciyawa irin ta babban filin wasa, sannan ya buga a sintetik ɗin nan da ake haya da daddare, ya san ba wasa ɗaya ba ne. Gudun ƙwallon daban, tashinta daban, ko takalmin ma daban. To a ƙwallon ƙafa wannan bambancin ƙarami ne tunda manyan gasa duk a ciyawa ake yinsu. A tanis kuwa manyan gasar nan huɗu da ake kira Grand Slam, a fili iri uku ake buga su yanzu: Wimbledon a Landan kan ciyawa, Roland Garros a Faris kan jan ƙasa, ta Ostiraliya da ta Amurka kan fili mai tauri, wanda mu dai muke ce wa siminti.

Bari in fara da abin da kowane fili ke yi wa ƙwallo, don in ba a gane wannan ba sauran bayanin ba zai zauna ba. Ciyawa santsi gare ta, ƙwallo na sauka sai ta sulale ƙasa-ƙasa da gudu, ba ta tashi sosai, wani lokacin ma ta yi maka tashin da ba ka zata ba saboda wajen ya fara gogewa. Shi ya sa mai sabis mai ƙarfi, wato bugun farko da ake buɗe kowane maki da shi, ke jin daɗinta: ya doka, ya ruga gaban raga, ya tare ƙwallon tun kafin ta taɓa ƙasa, bugu biyu uku an gama. Jan ƙasa kishiyar wannan ce. Garin yana riƙe ƙwallon, ya cinye mata gudu, sai ta tashi sama, in kuma an murɗa ta sosai tana iya kai wa mutum har kafaɗa. Ƙwallon da za ta wuce ka a ciyawa, a jan ƙasa kana da damar ka zame da ƙafa ka cim mata ka dawo da ita, don haka sai a yi ta musaya, bugu ashirin, talatin, mai haƙuri da numfashi shi ke ci. Fili mai tauri kuma yana tsakiya, kwalta ce ko kankare a ƙasa, a shafa fenti mai kauri a kai da aka cuɗa da yashi. A nan sirrin yake: in an ƙara yashin filin ya rage gudu, in an rage shi ya ƙara. Wato masu gasa na da ikon su zaɓi irin wasan da suke so a gani. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Wani abu da mutane da yawa ba su sani ba, jan ƙasar Faris ba jan ƙasa ba ce irin tamu ta gini. Garin jan bulo ne da aka niƙa, kaurinsa bai wuce milimita biyu ba, a ƙarƙashinsa farar ƙasa ce ta dutsen farar ƙasa da aka daɓe, sai tsakuwa can ƙasa don ruwa ya tsane. Kullum sai an share, an yayyafa ruwa, kamar yadda iyayenmu mata ke kula da daɓen tsakar gida. Kuma shi kaɗai ne filin da ƙwallo ke barin tabo, shi ya sa za ka ga alƙalin wasa ya sauko daga kujerarsa ya je ya nuna tabon da yatsa.

Asalin wasan dai a ciyawa aka haife shi, a lambunan masu hali na Ingila. A 1874 wani Manjo Walter Wingfield ya yi rajistar nasa tsarin wasan, a 1877 aka yi Wimbledon ta farko, mutum 22 suka shiga, Spencer Gore ya ci. Amurka ta fara tata a 1881, ita ma a ciyawa, Ostiraliya a 1905, ita ma haka. Faransa ce ta fita daban, ta fara tata a 1891 amma sai 1925 ta buɗe wa 'yan wasan ƙasashen waje ƙofa, a 1928 aka koma filin Roland Garros. Dalilin bambancin ba wani boyayye ba ne, yanayi ne. Ciyawa na son ruwa da sanyi da kuɗin kulawa, a kudancin Turai da Kudancin Amurka rana na ƙone ta, sai suka rungumi jan ƙasa. Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a tanis, wai ciyawa ta shanu ce, ana jingina ta ga Manuel Santana ɗan Sifaniya, wanda daga baya ya zo ya ci Wimbledon ɗin a 1966.

To ga inda lissafin ƙanin nawa ya fara samun matsala. Rod Laver ɗan Ostiraliya ya cinye manyan gasar huɗu duka a shekara ɗaya har sau biyu, 1962 da 1969, ba wani namiji da ya sake yin haka tun daga nan. Amma a lokacin uku daga cikin huɗun a ciyawa ake buga su. Wani zai ce ai ka ga nasa ya zo da sauƙi. E, ta wannan fuskar. Amma juya ɗaya fuskar: daga 1963 zuwa 1967 an hana shi shiga waɗannan gasar gaba ɗaya saboda ya koma buga wasa don kuɗi, lokacin kuma doka ta ce sai 'yan sha'awa kawai, ba a buɗe wa kowa ba sai 1968. Shekara biyar cur, yana kan ganiyarsa, yana waje. Duk da haka ya tashi da 11. Wa zai iya cewa nawa zai tara da an bar shi?

Gasar Amurka ita ta fi kowacce sauya riga. Ciyawa ce har 1974 a Forest Hills, daga 1975 zuwa 1977 aka koma wata koriyar ƙasa mai kama da ta Faris amma ta ɗan fi ta sauri, a 1978 aka tashi zuwa Flushing Meadows kan fili mai tauri. Jimmy Connors ya ci kofin a 1974 kan ciyawa, ya ci a 1976 kan koriyar ƙasa, ya ci a 1978 kan siminti. Gasa ɗaya, fili uku. Wannan tarihin ba wanda zai taɓa goge shi, ba don babu gwani ba, sai don damar ma ta wuce. Ostiraliya kuma ta riƙe ciyawarta a Kooyong har 1987, a 1988 ta koma sabon wurinta a Melbourne kan fili mai tauri, Mats Wilander ya ci ta a duka biyun.

Sannan ita gasar Ostiraliyar, kar ku ɗauka darajar da take da ita yau haka take a da. Nisa ya yi yawa, kuɗin kaɗan, akwai shekarun da ma a watan Disamba ake yinta dab da Kirsimeti, manya ba sa zuwa. Bjorn Borg sau ɗaya tak ya je. Connors sau biyu. Andre Agassi bai taka ta ba sai 1995, yana zuwa kuma ya ɗauke. To Djokovic na da kofin Ostiraliya 10 cikin 24 ɗinsa. Ban faɗi haka don in rage masa komai ba, wallahi abin da ya yi a Melbourne abin jinjina ne, amma in za a auna shi da Borg a tuna cewa ɗaya yana zuwa kasuwa huɗu a shekara, ɗayan uku yake zuwa. A ɓangaren mata ma haka, Margaret Court na da 24, 11 daga ciki na gida ne a Ostiraliya, da yawansu a shekarun 1960 lokacin da 'yan waje ba sa cika zuwa. Serena Williams na da 23 duk bayan an buɗe wa kowa. Ni dai a wajena 23 ɗin nan ta fi nauyi.

Yanzu Borg ɗin, wanda shi ne silar musun. Ɗan Siwidin ne, ya ci Roland Garros sau 6, ya ci Wimbledon sau 5 a jere daga 1976 zuwa 1980, kuma a 1978, 1979 da 1980 ya haɗa biyun a shekara ɗaya. Ku tsaya ku gane abin da wannan ke nufi a zamaninsa. Tsakanin gama Faris da fara Landan sati biyu ne kacal, sai a 2015 aka mai da shi uku. Jan ƙasar tana kan nawarta, ciyawar tana kan santsinta na asali, raket na katako mai ɗan ƙaramin kai. Mutum ya gama wata biyu yana musayar bugu daga layin baya, sannan cikin kwana goma sha huɗu ya sake salon wasansa kacokan, ya koyi durƙusawa ƙasa, ya koyi rugawa raga. Kamar ka ce wa ɗan dambe yana fitowa daga fili ya je ya shiga kokawa da gwanayenta, kuma ya kayar da su shekara uku a jere. Ya ajiye raket yana ɗan shekara 26 da manyan kofuna 11, kuma shi ma akwai filin da ya gagare shi, sau huɗu yana zuwa wasan ƙarshe a Amurka bai ci ba.

Don a ga cewa abin da Borg ya yi ba banza ba ne, a dubi waɗanda suka biyo bayansa. Ivan Lendl ya ci manyan kofuna 8, ya mamaye shekarun 1980, amma Wimbledon ta ƙi shi, ya je wasan ƙarshe a 1986 da 1987 ya faɗi, a 1990 har ya haƙura da Roland Garros da ya ci sau uku don kawai ya zauna ya yi atisaye a ciyawa, duk da haka bai samu ba. Pete Sampras ya ci 14, 7 a Wimbledon, amma a Faris iyakarsa wasan kusa da na ƙarshe a 1996. Thomas Muster ya ci Roland Garros a 1995, ya hau lamba ɗaya a duniya, amma a duk rayuwarsa bai taɓa cin wasa ko ɗaya a Wimbledon ba. Ko ɗaya fa. Gustavo Kuerten na Barazil ya ci Faris sau uku, a Landan bai wuce kwata fainal ba. A wancan zamanin kusan sana'a biyu ce daban ake yi da suna ɗaya.

Akwai ma wani fili na huɗu da 'yan yanzu ba su sani ba, kafet, wanda ake shimfiɗawa a cikin ɗaki lokacin sanyi, gudunsa kamar walƙiya. Connors da McEnroe da Lendl da Becker sun kwashi kofuna da yawa a kansa, kuma kofuna 109 da Connors ya tara, waɗanda har yau su ne mafi yawa a maza tun 1968, da dama a kafet ne. A 2009 aka daina amfani da shi a manyan gasar maza.

To me ya faru? A shekarun 1990 raket ya riga ya koma na zamani, mara nauyi mai ƙarfi, sabis ya zama harsashi, 'yan kallo suka fara ƙorafi cewa Wimbledon ba daɗin kallo, musamman irin wasan ƙarshe na 1994 tsakanin Sampras da Goran Ivanisevic, inda da ƙyar ake musayar bugu uku. A 2001 Wimbledon ta sauya irin ciyawar da take shukawa, daga gauraye ta koma iri ɗaya zalla mai jure taku, ana aske ta a milimita 8. Su dai sun ce don filin ya jure sati biyu ne, amma ƙasan ya ƙara tauri, ƙwallo ta fara tashi sama kuma daidai. A 2001 Ivanisevic ya ci da sabis da rugawa raga, a 2002 sai ga Lleyton Hewitt da David Nalbandian a wasan ƙarshe, dukansu 'yan layin baya. A daidai lokacin ga sabuwar igiyar raket ta roba mai tauri, wadda Kuerten ya fito da ita fili a 1997, tana ba mutum damar ya doka da duk ƙarfinsa ƙwallon ta murɗe ta faɗo cikin fili, don haka wanda ya ruga raga sai a wuce shi ta gefe. Ga kafet an cire, ga masu filin siminti sun san dogon musaya ke sai da tikiti, ga yashi a hannunsu. Filayen suka matso kusa da juna.

Ga hujjar da nake ganin ta fi kowacce ƙarfi. Daga 1969 da Laver ya yi nasa, sai da aka shekara 30 kafin a sami wani namiji da ya haɗa kofunan huɗu a rayuwarsa, Agassi a 1999. Borg bai yi ba, Connors bai yi ba, McEnroe, Lendl, Becker, Edberg, Sampras, duk ba su yi ba. Sai ga Federer a 2009, Nadal a 2010, Djokovic a 2016, mutum uku cikin shekara bakwai, Djokovic ma kowanne ya ci aƙalla sau uku. Carlos Alcaraz yana ɗan shekara 21 ya riga ya ci a siminti da ciyawa da jan ƙasa. Ko dai a ce kwatsam Allah Ya kawo gwanaye da ba a taɓa yin irinsu ba, ko a ce hanyar ta ɗan miƙe. Ni na yarda duka biyun gaskiya ne, kuma wanda ya ɗauki ɗaya ya bar ɗaya bai yi adalci ba. Abin da ya sa Steffi Graf ke burge ni kenan, ita tun a 1988 ta cinye huɗun ta ɗora da zinaren Olamfik, a shekarar farko da aka buga biyu daga cikinsu kan siminti, kuma a cikin 22 ɗinta kowace gasa ta ci aƙalla sau huɗu.

Amma kar wani ya fahimce ni kamar filayen sun zama ɗaya. Da sun zama ɗaya da ba a yi Nadal ba. Roland Garros 14, wasa 112 ya ci, 4 kacal aka ci shi: Robin Soderling a 2009, Djokovic a 2015 da 2021, sai Zverev a 2024 lokacin jiki ya riga ya gaji. Daga 2005 zuwa 2007 ya ci wasa 81 a jere kan jan ƙasa kafin Federer ya tsayar da shi a Hamburg. Bahago ne, yana murɗa ƙwallo fiye da kowa, jan ƙasa ta ɗaga masa ita zuwa kafaɗar Federer ta ɓangaren da yake bugawa da hannu ɗaya, haka ya yi ta yi masa, wasan ƙarshe huɗu a Faris, na 2008 ma 6-1, 6-3, 6-0. Federer kuma a ciyawa ya ci wasa 65 a jere, Wimbledon 8, har Nadal ɗin ya zo ya karya masa a wasan ƙarshen 2008 da aka gama cikin duhu. A nan ma akwai rashin daidaito da ba a cika faɗa ba: lokacin ciyawa bai wuce sati biyar a shekara ba, kuma cikin gasar Masters tara, waɗanda ke cikin manyan gasar maza bayan Grand Slam, babu ko ɗaya a ciyawa, uku a jan ƙasa, shida a siminti. Da a ce zamanin Laver aka haifi Federer, da uku cikin huɗu a gidansa ake bugawa.

Kuma mutane na manta Chris Evert, wadda ta ci wasa 125 a jere kan ƙasa daga 1973 zuwa 1979, fiye da na Nadal nesa ba kusa ba, ta ci Faris sau 7 duk da ba ta je ba a 1976, 1977 da 1978, tsakiyar wannan jerin nasarar. Martina Navratilova kuma Wimbledon 9, ta fi Federer da ɗaya.

Yadda 'yan wasa ke ɗaukar maganar fili da zafi ya fito a 2012, da gasar Madrid ta rina ƙasarta ta koma shuɗiya don wai a fi ganin ƙwallo a talabijin. Nadal da Djokovic suka ce santsi ya yi yawa, ba za su dawo ba in ba a sauya ba. Federer da Serena suka ɗauki kofin, shekara na zagayowa aka koma ja.

Mu nan gida siminti muka fi sani, sunan gasar Dala Hard Court da ake yi a nan Kano ma ya isa shaida, kuma dalilin a bayyane yake, shi ne ba ya son ban ruwa kullum, ba ruwansa da hunturu ko bazara. Amma abin da ke ba ni sha'awa, nasarar da ɗan Najeriya ya fi yin suna da ita a manyan gasa a ciyawa aka yi ta, Nduka Odizor ya kai zagaye na huɗu a Wimbledon a 1983, shekarar da Yannick Noah, wanda mahaifinsa ɗan Kamaru ne, ya ci Roland Garros da raket na katako. Masu koyarwa da yawa na cewa yaron da ya tashi a jan ƙasa ya fi koyon haƙuri da dabarar gina maki, kuma gwiwarsa ta fi samun sauƙi tunda zamewa yake ba turjewa ba, ga Sifaniya nan kowa na gani. Jan bulo ba baƙonmu ba ne a garin nan, masu daɓe ma muna da su. Abin da fili irin wannan ke buƙata shi ne rijiyar burtsatse a gefensa, da mutum ɗaya da aikinsa kenan, ya share ya yayyafa ruwa safe da yamma.